Kwanar Mai Awo

Titin jihar ya taso daga tashar manyan motoci, ya ratsa kasuwar katako, ya miƙe sak kamar an ja zare, sai dab da gada ya yi wata muguwar kwana ba gaira ba dalili. Direbobi Kwanar Mai Awo suke ce mata, kuma ba da yabo suke faɗa ba.

Mai Awon, wato wanda ya auna titin, yana nan da ransa, ya yi ritaya, ya ajiye tumbi. Shekara talatin yana gaya wa mutane cewa laka ce a wurin, shi ya sa ya kauce mata. Ya faɗa har shi kansa ya fara jin warin lakar.

Wata safiya jami'ar ma'aikatar ayyuka ta zo falonsa da littafi da biro. An gyara titin, za a kafa allon tarihinsa, sunan Mai Awo zai hau. Dalilin kwanar kawai take nema.

Bai kai ga buɗe baki ba sai ga mijin ƙanwarsa, leburan da ya riƙe masa bakin tef ɗin awo a lokacin aikin. Shekara takwas ba sa gaisawa saboda rigimar katanga. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Yaya, ita ma laka za ka ce mata?"

Leburan ya juya ga jami'ar ya zazzage komai. Wurin dutse ne, ko ciyawa ba ta yarda da shi. Ayari biyu suka yi awon, ɗaya daga gada, ɗaya daga tasha. Tef ɗin ƙyalle na Mai Awo kuwa ba shi da mitar farko, kuma bai taɓa dubawa ba. Da aka zo haɗa titin, sai bakin nan da bakin can suka wuce juna da faɗin filin ƙwallo. Da kwana aka rufa asiri.

Biro yana ta gudu. Mai Awo ya ga allonsa yana sulalewa, ya gyara zama.

"Ƙarasa mana. Gaya mata wanda ya yanke mitar ya ɗaure buhun gawayi a bayan kekensa."

Mijin ƙanwar ya ce duba kayan aiki ba na lebura ba ne. Mai Awo ya ce sata ma ba ta cikin aikin lebura. Katanga ta shigo zancen, har da akuyar da ta ci shukar wani. Jami'ar ta rufe littafinta, ta ce, "Baba, na gode," ta fice.

A kan kwanar aka kafa allon, da labarin tef ɗin, da sunayensu biyu a layi ɗaya. Labarin bai ci wa Mai Awo rai kamar layin ba. Ya je da tef don ya auna ko haruffan leburan sun fi nasa girma. Kafin ya ɗora, sai da ya duba farkon tef ɗin.