Waken Hajja Nabawiya

Hajja Nabawiya na cusa dafaffen wake cikin gurasa, maƙwabciyarta Ummu Sabri na jerawa a kwando, sai ga Ra'afat ya shigo, jaka na jan ƙasa.

Kallo ɗaya ta yi wa ɗan nata ta ci gaba da aikinta. Shekara da shekaru yana koyarwa a jami'a yana musu da wani mamacin Bature, Ainishtain, wanda ya ce gudun haske ɗaya ne ko'ina ya nufa. Shi Ra'afat ya ce ƙarya ne, hasken da ya nufi gabas yana ɗan jan ƙafa. Har wasu a Kanada sun ce in gwaji ya gaskata shi, ya kwaso iyali ya taho. Iyali kuwa har da jikokinta.

"To, Dakta, ya aka ji da gwajin fitilar?"

Ya zube a kujera. "Mun juya teburin gabas, mun juya arewa, Umma. Mun canja madubai, mun kira wasu sun sake aunawa. Ko gezau."

"Wato mamacin ya kayar da kai."

"Warwas." Ya murza ido, sai kuma ya yi 'yar dariya. "Kin san abin mamaki? Ji na yi kamar an sauke mini buhu. Na gaji da rigima da kowa."

"Kanada fa?" in ji Ummu Sabri.

"Wa zai aiko wa mai kuskure tikiti, Inna?"

Sai a lokacin ya lura da abin da ke cikin kwandon. Irin waken nan ne mai tsiro da ake rabarwa a ƙofar masallacin Sayyida Zainab in buƙata ta biya.

"Umma, bakance kika yi saboda ni? Ai sai ki bari. Ba a dace ba."

"Ni ba na kwana da alkawarin Allah a wuyana."

"To ai sai roƙo ya karɓu ake cikawa."

Ummu Sabri ta duƙar da kai, tana ƙunshe dariya. Ra'afat ya dubi matar, ya dubi uwarsa, ya daɗe yana duban waken.

"Umma, me kika roƙa?"

Ta ɗaga kwandon ta dangwara masa a cinya.

"Tashi ka kai, Dakta. Ka biya makaranta ka ɗauko mini jikokina, su taya ka rabo."