Jar Fitila a Ɗakin Sirri

Ɗakin bayanan sirri da Ocampo ke aiki a sansanin sojan ruwa na Norfolk ba shi da taga. A waje ake barin waya. Idan baƙo zai shigo, ko da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, sai a kunna jar fitila a rufi, kowa ya kife takardunsa, ya kashe allon kwamfutarsa. Cif Pruitt, tsohon sojan da ke horar da su, shi ne ya cusa musu wannan har ya zame musu jiki. Ƙaton mutum ne mai tumbi, yana shan baƙin kofi a kofin da bai taɓa yarda a wanke ba.

Ran nan da hantsi yana tsaye a kanta yana yi mata bita, don jarrabawar ƙarin girma ta matso.

"Ocampo, mutum ya faɗi ba ya numfashi. Me za ki fara yi?"

"In sa a kira masu agaji, in hau danna ƙirji, a kawo na'urar farfaɗo da zuciya."

"Haddar aku."

"Ai kai ka koya wa akun, Cif."

Tillman, wanda teburinsa ke kusa da nata, ya ce, "Cif, in kai ne ka faɗi, sai dai a kira masu ɗaga jirgi."

"Kai dai gyara taswirarka, ɗan banza. Jiya tashar jiragen ruwa ka kai tsakiyar hamada."

Cif ya ɗaga kofin zai kurɓa. Kofin ne ya fara faɗuwa, sannan shi.

Laftanar Hargrove, shugaban ɗakin, ya ɗauki wayar tebur ya kira asibitin sansani. Yana ajiyewa ya kunna jar fitila, tunda baƙi za su shigo. Nan take hannuwa suka hau aikin da suka sani. Takardu suka kife, durowa suka rufe. Ocampo ta tsinci yatsanta a kan maɓallin allonta, tana jira ya yi duhu, alhali ƙafar Cif na taɓa ƙafar kujerarta. Sai da ya yi duhun ta durƙusa.

Ba numfashi. Leɓensa ya soma canza launi. Ta ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjin ta danna da dukan nauyinta. Wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin tafinta, ba ta tsaya ba.

"Tillman, na'urar!"

Na'urar tana can rataye a baranda. Tana ajiye bayanai a cikinta, kuma duk abin da ke ajiye bayanai ba ya kwana a wannan ɗaki. Tillman ya ruga. Ya dawo da ita tare da masu agaji biyu da gadonsu na turawa, suka tarar da Hargrove ya tokare ƙofa da kafaɗa.

"Yallaɓai, buɗe musu!" in ji Ocampo, tana haki.

"Babban allon bango bai ɗauke ba tukuna."

A jikin allon, hoton jiragen yaƙin wata ƙasa na nan, jere a tasharsu.

"To su gani! Su ƙirga su ma in sun ga dama!"

Hargrove ya dube ta, ya dubi allon. Ba mugu ba ne, mutum ne da aka koya wa abu ɗaya da kyau. Ya ce wa na waje su ɗan dakata, ya tura ƙofar ta rufe, ya tsallake ƙafafun Cif, ya laluba bayan kabad ya fizge wayar wutar. Sannan ya koma ya buɗe.

Masu agaji suka yage rigar Cif, suka manna masa na'urar, suka ce kowa ya ja baya. A bugun na'urar na biyu zuciyar ta kama aiki.

Binciken da aka yi bai sami kowa da laifi ba. Babu takarda ko ɗaya da idon baƙo ya gani. Har yabo aka yi wa ɗakin.

Da aka soma barin 'yan dubiya, Ocampo ta je asibiti. Cif ya rame, maganarsa ta yi nauyi, yana neman kalma kamar mai laluben makulli a aljihu. Matarsa Darlene na zaune gefe. Likita ya gaya wa Darlene ƙwaƙwalwa ta ɗan daɗe ba iska, ba zai koma aiki ba.

"Ke ce... kika karya mini haƙarƙari."

"Ni ce, Cif."

Bakinsa ya yi ta motsi kafin kalma ta fito. Ocampo ta jira.

"Allonki," ya ce. "Kin kashe... kafin ki zo kaina?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta rasa wacce.

"Na kashe."

"Madalla." Ya lumshe ido. "Yarinyata ke nan."

Darlene ta ajiye cokalin da take ba shi abinci, ta tashi ta je bakin taga ta tsaya, ta ba su baya.