Keziah Ta Iso Hobart

Enoch Tarbuck masaƙi ne a wani ƙauye kusa da Bolton a Ingila, har shekarar da injina suka raba masu saƙar hannu da abincinsu. Cikin wannan yunwar ya ɗauke agwagwar wani mai gona. Ko fige ta ba a gama ba aka kama shi. Alƙali ya yanke masa shekara goma sha huɗu a tsibirin Van Diemen, inda ake jibge fursunoni.

A can ya fasa dutse, ya ja gungume, ya sha bulala hamsin don ya zauna ba a ce ya zauna ba. Da ya yi shekara shida aka ba shi takardar sassauci, ya kama kiwon tumakin wani. Sai ya roƙi hukuma ta kawo masa iyalinsa. Shekara uku ana ce masa ana dubawa, kafin aka amince.

Ranar da jirgin da ya ɗauko iyalin ya iso Hobart, tashar jiragen ruwa ta tsibirin, yana ta leƙen fuskokin mata, yana neman doguwa mai baƙin gashi. Wata mai furfura da ke zaune kan akwati ta ja masa riga.

"Tsoho, matar taka kake wucewa?"

Keziah ce. Ya tsaya riƙe da hularsa. Kalaman da ya daɗe yana tanadi duk suka gudu.

"Kin rame," ya ce.

"Kai kuma ina ka kai haƙoranka?"

Ya duba bayanta. "Ina yaran?"

"Tamar ta yi aure a Preston, ta ce ba ta hawa ruwa. Josiah kuwa tun shekara ta biyu da tafiyarka muka binne shi. Zazzaɓi. Na sa limamin coci ya rubuto maka."

"Wasiƙar ba ta zo ba."

Ya zauna a gefen akwatin. Ya so ya yi kuka, amma ko ƙarfin kukan babu. 'Yan dako suna ta kewaye su da kaya.

Can ta ce, "Gidan da nisa?"

"Bukka ce. Mil goma sha biyu."

"A ƙafa?"

"A ƙafa."

Ta sunkuya ta ƙara ɗaure takalminta. Ya saɓa akwatin a kafaɗar da bulala ba ta ci sosai ba. Sau huɗu suka huta a hanya, kuma sau uku shi ne ya nemi a tsaya.