Marigayi Yana Tallar Magani

Tun da mijinta ya rasu, Anti ba ta kashe kwamfutarsa ba. Tana nan kan teburin falo inda ya bar ta, hotunansu suna wucewa a fuskarta ɗaya bayan ɗaya. Ita dai iyakarta da ita gogewa da tsumma.

Ranar nan wan mijin ya faɗo gidan, ko zama bai yi ba ya miƙa mata wayarsa. Saƙon imel ne da sunan marigayi, yana tallar maganin ƙarfin maza, har da hoton da ba ya kalluwa.

"Shugaban makaranta guda! Tsofaffin ɗalibansa sun samu, surukanmu sun samu. Wa kike kawowa gidan nan yana taɓa kayan ƙanena?"

"Yaya, wallahi ni kaɗai ce."

"To shi ya taso ya rubuta kenan?"

Kafin mako ya zagayo, matan dangi sun daina kiranta. Maƙwabciyarta ma gaisuwa daga bakin ƙofa take jefowa.

Anti ta rungumi kwamfutar zuwa shagon mai gyara. Ya daɗe yana danne-danne, sannan ya juyo.

"Anti, wannan ta daɗe ba taku ba ce. Wasu ne suka shiga daga nesa suka mai da ita 'yar aikensu. Irinta dubbai suke riƙe da su. Suna turo shararsu ta nan, in an bi sawu sai a tsaya a ƙofarki."

"Su waye? Nuna mini su."

"Ko ni ban isa in gano ba. Su ma ta wata kwamfutar suka biyo, ita ma ta wani bawan Allah ce."

Ya kwashe mata hotunan, ya wanke komai tas.

A bakin shagon ta kira Yaya a waya, ta zayyana masa duka. Ya saurara har ƙarshe.

"To ke me ya sa kika bar ta a kunne?" Ya kashe wayar.

Ta tsaya riƙe da wayar, motoci suna wucewa. Waɗanda suka yi abin ba su san sunanta ba, balle su san mai kwamfutar ya mutu. Yaya kuwa shekara da shekaru yana cin abincinta. Ba ta sake yi wa kowa bayani ba. Wanda ya gaishe ta ta amsa, wanda ya kau da kai ta wuce.