Shafi Arba'in da Casilda Ba Ta Karanta Ba

Ni aikina a ɗakin karatu na garin Tamboril awon littafi ne. Ba da mudu ba, kada ku yi dariya. Nakan buɗe tsakiyar labari, in ƙirga kalma ɗari, in duba tsawon jimla da yawan gaɓoɓi, sannan in manna 'yar takarda a bangonsa: koriya ta masu koyo, rawaya ta matsakaita, ja ta gwanaye. Shekara goma sha ɗaya ina wannan, har na fara ji da kaina.

Sai ga Don Evaristo, tsohon mai naɗa sigari. Bai fi shekara biyu da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ga kuma yanar ido ta fara cin ganinsa. Ya tsallake korayen kaf, ya ɗauko wani ƙaton tsohon labari mai jar takarda. Na ce masa, Baba, wannan ko malaman makaranta sai sun yi gumi. Ya ce ai ni ma in aka auna ni ja ce, shi ya sa har yau ba wanda ya are ni.

Haushi ya kama ni, na sa shi gwajin yatsa: ya karanta shafi guda, duk kalmar da ta gagare shi in lanƙwasa yatsa, in sun kai biyar littafin ya fi ƙarfinsa. Ai kuwa tsohon nan ya zuba kamar ruwa. Shafi uku ban lanƙwasa ko ɗaya ba. Na juya can wajen ƙarshe, nan ya cije. Layi biyu kacal, hannuna ya dunƙule.

Da na matsa masa ya faɗa mini. A masana'antarsu akwai mai karanta musu littafi suna naɗi, in labari ya yi daɗi su bubbuga wuƙaƙensu na yankan taba a tebur. Tasu mai karatun Casilda ce. Wannan littafin take karanta musu lokacin da ɗanta ya aiko mata da takardun tafiya New York, ta tafi saura shafi arba'in. Yana sonta, bai taɓa iya buɗe baki ba, sai dai wuƙarsa ta fi ta kowa ƙara. Ashe idonsa farkon kalma kawai yake kamawa, muryarta ce ke ƙarasa masa.

Tausayi ya kama ni, har na ji kunyar awona. Na ce ya zauna in karanta masa sauran, kafin a tashi mun gama.

"A'a, 'yata," in ji shi. "In na ji ƙarshen da muryarki, tata ta tafi ke nan. In ni na karanta, ita zan ji."

Yanzu duk Talata yana nan bakin taga. Nawa dai in raba masa kalma gaɓa-gaɓa da fensir, bakina a rufe. Wata bakwai, shafi shida.

Makon jiya ya kusanto da littafin har hancinsa, ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗo. Rana ce ƙwal a waje. Na ce masa eh, Baba, hadari ne, zai wuce.