Bakan Gizon Gidan Injin Gyaɗa

Tun da idanun Malam Ibram suka mutu, roƙonsa ɗaya ne ga ƴarsa Mardiya: ta kai shi tsohon gidan injin ɓarar gyaɗa da ke bayan garin Gure, inda ya yi aiki yana saurayi.

"Baba, kango ne fa. Ko rufi babu."

"Ni ma kangon ne. Kai ni mu gaisa."

Ran wata Asabar da hantsi ta kama masa sanda suka tafi. A hanya yana ta ba ta labari. Da jan tubali aka gina shi, in ji shi, wanda aka gasa a kwari, kaurin bangon ya fi kamu biyu, shi ya sa ko a bazara cikinsa sanyi kamar randa. Tagogin dogaye ne, a jere can sama, don ƙurar ɓawo ta samu mafita. Ƙofar kuwa bakan gizo ce, kamyo, babbar motar kaya, na shigewa da lodinta.

"Kullum sai na ɗaga kai na kalli tubalin tsakiyar nan, ina mamakin abin da ya riƙe shi."

Da suka isa, Mardiya ta tsaya tana kallo. Rairayi ya cinye ginin har wuya. Awakin wani makiyayi na kwance a inuwar bututun hayaƙin, wanda kansa ya gutsure.

"Me kika gani?"

"Yashi ya cike ƙofar, Baba. Sai mun sunkuya."

Tsohon ya saki sandar, ya hau tudun da rarrafe, ya miƙa hannu. Tafinsa ya sauka a kan bakan gizon. Ya bi tubalan ɗaya bayan ɗaya har ya kai na tsakiya, ya shafa gefensa, sai ya fashe da dariya.

"Ashe sama ya fi ƙasa faɗi! Ƴan'uwansa ne suka matse shi. Inusa abokin aikina ya rantse mini wai ƙarfe aka soka a ciki. Allah ya jiƙan Inusa, ya tafi da ƙaryarsa."

Dariyar ta ƙare da hawaye. Ya zauna ya jingina da bangon, yana kiran sunayen abokan aikinsa, da matan da ke sheƙe ɓawo a bakin ƙofa, har da wadda ta zama uwar Mardiya. Mardiya ba ta taɓa jin a nan iyayenta suka haɗu ba.

Ta zauna kusa da shi tana ta tambaya. Sai da aka kira azahar suka tashi.