Tana a Gonar Lekia

Ranar Talatar da bututun mai ya fashe a bayan ƙauyenmu, gonar matata Lekia ta sha ɗanyen mai har idon sawu. Rogo ya ruɓe a ƙasa. Ko kwaɗo bai tsaya ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, sai na yi abin da na iya, wato karatu. Na sanar da ita masana sun ce irin wannan ƙasa sai bayan shekara talatin.

"To, Tisa," in ji ta, "su masanan ne za su riƙa aiko mana da garin rogo kafin lokacin?"

Ta ari baro. Ta kankare baƙin da ke sama, ta shiga jigilar kashin kaji daga hanyar Bori, tana haɗawa da dusar katako da tokar kwakwar manja. Duk mako biyu sai ta juya ƙasar da fartanya don ta sha iska. Damina biyu ba ta shuka komai ba.

Maƙwabciyarmu Kadilo, wadda ke sarin gari a kasuwa, takan wuce ta toshe hanci, ta kira Lekia da sunan 'yarmu Sira. "Maman Sira, warin mai bai ishe mu ba, sai kin ƙaro mana na kaji?"

"Wannan dai kin san wanda ya yi shi."

Ban taɓa tura baron nan ba. Ina baranda, ina gyara mata kurakurai.

Wata safiya ta ajiye mini tana mai rai a tsakiyar littafina. "Karanta wannan. Ba ta zama a matacciyar ƙasa."

Na ɗauke ta da yatsa biyu, na ce tana ɗaya ba hujja ba ce.

Lekia ta dasa rogonta. Yana wata shida zazzaɓi ya yi ajalinta cikin kwana huɗu.

Da rogon ya nuna, ni na tone shi, da hannun da bai san komai ba sai alli. 'Yarmu Sira ta gurza, ta matse, ta soya. Tun bayan malalar man, ba a sayen garin ƙauyenmu sai an sansana, in aka ji kananzir a ture kwanon. Na kai wa Kadilo, don hancinta ba ya tausayin kowa. Ta sansana, ta tauna, ta sake sansanawa.

"Tisa, faɗi gaskiya, a ina ka sayo?"

"Gonar Lekia."

Ta ƙara ɗiban garin ta tauna. Sannan ta ce, "Baron nan yana nan?"

Yanzu gonaki bakwai ke warin kaji a ƙauyenmu. Ɗalibai kan zo daga jami'a su tambaye ni dabarata. Nakan sa su goge sunana, su rubuta na Lekia, in duba ko sun rubuta daidai.

Abu guda ne ban samu na gaya mata ba. Maman Sira, tana ɗaya hujja ce.